Faɗakarwa Ga Masu Kanti Da 'Yan Kasuwa A Kan Kuɗin Kati Da Jabunsa

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya faru a zaurena. Wata ranar Talata da la'asar sakaliya, kasuwa ta fara watsewa, sai ga mutum biyu sun shigo ransu a ɓace. Ɗaya tsohon almajirina ne, wanda yanzu yake da kanti yana sayar da shinkafa da takin zamani. Ɗayan kuwa dattijo ne manomi daga yankin Bakura. Dattijon ya sayi taki buhu biyu, ya miƙa katinsa na banki, anka sa a na'urar nan da ake kira POS. Na'ura ta fid da takarda ta ce ciniki bai yiwu ba, alhali kuwa saƙo ya shigo wayar dattijo cewa an cire masa kuɗi. Mai kanti ya hana taki. Dattijo ya ce, "Yaro, ka ci kuɗina da rana tsaka, sai ka dafa Alƙur'ani." Mai kanti ya ce, "Baba, wallahi ko kwabo bai shigo mini ba." Na ce a dakata da rantsuwa, a yi haƙuri kwana uku. Kwana biyu anka yi kuɗin dattijo sunka koma asusunsa. Ashe babu maƙaryaci a cikinsu.

To, a cikin watan nan dai, wani baƙo mai babbar riga da ƙamshin turare ya tsaya da mota a ƙofar kantin nan, ya sa anka loda masa shinkafa buhu huɗu, ya nuna fuskar wayarsa ya ce ga shi ya tura kuɗi. Mai kanti ya ji nauyin ya tsai da babban mutum, ya ce a sauka lafiya. Har yau kuɗin nan ba su iso ba. Ku duba fa: ranar da ya dogara ga na'urarsa ya sha zagi amma ya tsira, ranar da ya dogara ga wayar mai saye ya sha godiya amma ya yi hasara. Dukkan abin da zan faɗa a wagga takarda sharhi ne a kan wannan.

Fasali na farko: kowane kuɗi da jabunsa

Ku sani, ya 'yan'uwa, ba a taɓa yin kuɗi ba face an yi musu jabu, kuma ba a taɓa yin jabu ba face 'yan kasuwa sun samo magwajinsa. Kakanninmu sun yi ciniki da wuri, dubu 20 ke cika keso guda, mai ƙirga yana zaune a ƙasa yana jan su biyar-biyar yana fid da fasassu. Da Turawa sunka kawo sule da sisi da kwabo da anini, sai mazambata sunka shiga zuba na dalma. Iyayenmu sun ba mu labari cewa dillali yakan buga sule a kan dutse ya kasa kunne, in ya ji ƙara mai zaƙi ya karɓa, in ya ji ta mutu ya mayar wa mai ita. Ran 1 ga Janairu 1973 anka bar fam anka koma naira, munka koyi ɗaga takarda ga hasken rana mu duba zaren da ke cikinta da hoton da ke ɓoye.

A cikin dukkan waɗanga zamunna hukunci ɗaya ne: mai karɓa shi ke gwada kuɗi, kuma a hannunsa yake gwada su. Ba a taɓa jin dillalin da ya yarda mai saye ya buga sule a gidansa ba, sa'an nan ya zo kasuwa ya ce, "Na buga, ta yi ƙara." Kuɗin kati ba su sauya wanga hukunci ba. Dutsen gwaji kawai anka sauya, ya zama na'urarka da asusunka.

Fasali na biyu: yadda kuɗin kati sunka riske mu

Babban Bankin Nijeriya ya fara tsarin rage ciniki da tsabar kuɗi a Legas cikin Janairu 2012, ya game ƙasa duka a 2014. Mu nan a rediyo munka ji shi, kasuwanninmu kuwa sunka ci gaba da ƙirga takardu. Abu biyu ne sunka karantar da mu tilas.

Na farko, cikin Satumba 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, hukuma ta rufe kasuwannin mako na Zamfara, anka kuma yanke sabis na waya a jihar baki ɗaya. Na'urorin POS sunka zama kamar duwatsu, mai kuɗi a banki ya zama kamar marashi, wasu har Sakkwato suke zuwa domin kiran waya guda. A nan munka gane cewa waɗanga kuɗi a kan sabis suke tafiya, in ya yanke sun tsaya.

Na biyu, cikin Oktoba 2022 Babban Banki, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbi sunka fito cikin Disamba, anka sa wa tsofaffi wa'adin 31 ga Janairu 2023, kana anka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, har mutum ya sayi naira da naira. Jihohi uku, Kaduna da Kogi da Zamfara, sunka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, gwamnan Zamfara a lokacin kuwa shi ne Bello Matawalle, mutumin Maradun. Ran 3 ga Maris 2023 kotu ta yanke cewa tsofaffin takardu su ci gaba da tafiya. Amma kafin wannan rana, mai albasa da mai tumatir na fadamun Bakolori, da mahauci da mai shayi, kowa ya riga ya haddace lambar asusu.

Ba na musun alherin abin. Wanda ya san halin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san falalar tafiya fatauci ba da damin kuɗi a jiki ba. Sai dai yawancinmu da gudu munka shiga wanga ilmi, ba da malami ba, kuma duk ilmin da anka shiga ba malami, akwai ɓarnar da ke jiran mai shi a gaba.

Fasali na uku: abin da ke faruwa in an sa kati

Kati ba kuɗi ba ne, mabuɗi ne na rumbun da ke banki. Waɗanda ke yawo a hannun mutanenmu su ne Verve da Mastercard da Visa, da kuma AfriGo wanda anka fito da shi a Janairu 2023. A jikin kati akwai doguwar lamba, galibi mai alƙaluma 16, da wata da shekarar da zai daina aiki, da ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya. A bayansa akwai baƙin zane da wasu alƙaluma uku. Lambar sirri mai alƙaluma huɗu kuwa ba a rubuce take ba, tana cikin ƙirjin mai kati.

In an sa kati, mai shi ya danna lambar sirri, sai na'ura ta aiki manzo ta hanyar sabis zuwa kamfanin da ya ba ka ita, daga can zuwa bankin mai kati, da tambaya uku: katin na gaske ne, lambar sirri ta dace, kuɗi sun isa? Amsa ta biyo hanyar da manzo ya bi ta komo cikin 'yan daƙiƙu. In sabis ya yanke tsakanin tafiya da komowa, banki ya riga ya cire, na'ura kuwa ba ta ji amsa ba, sai ta ce bai yiwu ba. Wannan shi ne abin da ya sami dattijon Bakura. Kuɗinsa ba su shiga aljihun kowa ba, suna rataye a hanya. A watan Yuni 2020 Babban Banki ya umurci bankuna da su mayar da irin waɗanga kuɗi na POS cikin awa 72, wato kwana uku. Da ɗayansu ya san wannan, da ba a kai ga neman rantsuwa ba.

Baƙin zanen bayan kati yana da sauƙin kwafewa, ɗan ƙarfen gaba kuwa yana da wuya ƙwarai, shi ya sa bankunan Nijeriya sunka koma gare shi tun wajen 2010. A Amurka, inda anka daɗe ana goga baƙin zane, ɓarayi sun dasa muguwar manhaja a na'urorin wani babban kanti mai suna Target a ƙarshen 2013, sunka kwashe bayanan kati wajen miliyan 40. Ba banki sunka fasa ba, ta kanti sunka shiga. Ɓarawon kati ya san ƙofar banki ƙarfe ce, ta mai kanti kuwa zana ce.

Akwai hanya ta biyu wadda ba a sa kati, ita ce tura kuɗi daga waya zuwa lambar asusu mai alƙaluma 10. A bakin 'yan kasuwa duka biyu POS ake ce musu, kuma zambar da ta fi yawa ta wagga hanya take zuwa.

Fasali na huɗu: ƙofofi shida da ake shigo wa mai kanti

Ta farko, alat na ƙarya. Mazambaci yana iya aiko saƙo a wayarka da sunan bankinka a samansa, yana kuma iya nuna maka fuskar waya mai kama da ta banki, da sunanka da adadin kuɗi, alhali zane ne kawai. Maganinsa: kada kaya su fita sai ka buɗe na'urarka ko asusunka da hannunka, ka ga jimillar kuɗinka ta ƙaru. In ya ce sabis ne ya yi nauyi, ka ce kaya ma sun yi nauyi, su jira. Wanda ya saki kaya a kan "yana nan tafe" ya yi cinikin biri a sama.

Ta biyu, takardar shaida. Na'ura tana fid da takarda ko ciniki ya yiwu ko bai yiwu ba, kuma tana iya sake buga ta jiya. Wanda bai karanta boko ba, ya haddace surar kalmomi biyu kamar yadda yaro ke haddace surar baƙi kafin ya san sunansa: APPROVED, ma'anarta an karɓa, da DECLINED, ma'anarta an ƙi. Sa'an nan ya duba adadi da kwanan wata da sa'a. Kuma ya ƙirga sifili, domin tsakanin 5,000 da 50,000 ɗigo guda ne.

Ta uku, "na tura fiye da kima." Mutum ya sayi kayan dubu 20, ya ce hannunsa ya kuskure ya tura dubu 200, ka taimaka ka ba shi ragowar a hannu. Ko dai babu abin da ya shigo, ko kuwa abin da ya shigo na sata ne. In da gaske kuskure ne, a mayar ta hanyar banki zuwa asusun da kuɗin sunka fito, da sunan da sunka fito da shi, ba a hannu ba, ba kuma zuwa wani asusu dabam ba.

Ta huɗu, sauya maƙunsa. Masu kanti da yawa suna rubuta lambar asusu a kwali su rataye. Ana iya liƙa wata a kanta cikin cunkoson ranar kasuwa, ana iya musanya na'ura da mai kama da ita, kuma yaron kanti da zuciya ta rinjaya yana iya ba da lambar asusunsa a maimakon ta maigida. Ka duba kwalinka kowace safiya, ka yi wa na'urarka alamar da kai kaɗai ka sani, kuma ka roƙi mai saye ya karanta maka sunan da ya fito kafin ya tura.

Ta biyar, kiran waya. Wani ya kira da murya mai daɗi, da Hausa tsantsa, ya ce daga banki yake ko daga kamfanin na'ura, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto masa lambar da anka aiko maka yanzu ba. Lambar nan ita ce mabuɗin ƙarshe da ya rage masa. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ba ya tambayar lambar da ke zuwa ta saƙo. Ka kashe waya, ka tafi ofishinsu da ƙafarka. Haka kuma layin wayar da ke haɗe da asusun kanti: a sa masa lambar kulle, kada a ba da aronsa, in ya ɓace kuwa a sa a rufe layi da asusu a wannan sa'a, ba gobe ba.

Ta shida, musun ciniki. Mutum ya biya da kati ya ɗauki kaya, bayan kwanaki ya kai kuka bankinsa ya ce an cire masa kuɗi bai karɓi kome ba. Banki zai nemi hujja daga gare ka, in babu sai a zare kuɗin daga asusunka a mayar masa. Maganin wagga ƙofa rubutu ne, kuma bayaninsa na tafe.

Fasali na biyar: katin mai saye amana ne

Abin da ya gabata tsaron dukiyarka ne. Saura tsaron dukiyar wanda ya shigo kantinka. Malamai sun san hukuncin ajiya a littattafan fiƙihu da muke karantawa, irin su Risala da Muhtasar: wanda anka ba ajiya ba ya biya in ta halaka, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Katin da anka miƙa maka ajiya ne na ɗan lokaci, kuma sakaci a cikinsa yana da surori sanannu.

Kada ka karɓi lambar sirri da baki, ko da mai kati ne ya ce ka danna masa. Ka miƙa masa na'ura, ka kau da fuska, ka ce ya rufe da tafin hannu. In tsoho ne da bai gane alƙaluma ba, ya zo da ɗansa ko wanda ya amince da shi. Ka faɗi adadin kuɗi da ƙarfi kafin ya danna, domin da yawa ba su iya karanta abin da ke fuskar na'ura ba, kuma ƙara sifili ga wanda bai gani ba tauye mudu ne, ko da babu mudu a wurin.

Ka kori zaman banza daga bakin teburinka. Akwai masu tsayawa kamar suna jiran layi, idonsu na kan yatsun mutane. In sun ga lambar, sai su nuna za su taimaka, su karɓi kati su goge shi a riga, su mayar da wani mai launinsa. Mai kati ba zai farga ba sai rumbunsa ya zama kango. Haka kuma kada ka bari a ɗauki hoton kati, domin doguwar lamba da ranar ƙarewa da alƙaluma uku na baya suna isa a yi sayayya a wasu wuraren intanet ba tare da katin ba.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garuruwanmu: matan aure da tsofaffi suna aiko yara da kati, lambar sirri a rubuce a 'yar takarda an naɗe tare. Wannan kamar rataye mabuɗi ne a jikin ƙofa. Ka yi musu nasiha ta bakin mazajensu da 'ya'yansu. Kada kuma ka yarda kati ya kwana a wurinka, domin ranar da kuɗi sunka ɓace, kai za a fara tuhuma. Wanda anka manta a kanti tsintuwa ne, a yi cigiya, in ba a sami mai shi ba a kai wa bankin da sunansa ke jiki.

Wasu sababbin katuna ana kusantar da su ga na'ura kawai ba a sa su ciki ba. A watan Yuni 2023 Babban Banki ya iyakance irin wanga biya ga naira 15,000 a ciniki guda da 50,000 a yini, abin da ya haura sai da shaidar mai kati. Mai irin wanga kati ya tsare shi kamar tsabar kuɗi.

Fasali na shida: kuɗin da ba a san asalinsu ba

Wagga ƙofa ta fi sauran haɗari, domin a cikinta mutum yakan rasa kuɗi da mutunci tare. Kun san hukuncin wanda ya sayi saniyar sata a kara: in mai ita ya zo da shaida zai karɓi abarsa, mai saye kuwa sai ya bi wanda ya sayar masa, in ya gan shi. Haka kuɗin kati suke, sai dai su sawunsu ba ya gogewa. Tun 2014 anka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke ɗaure dukkan asusun mutum ga yatsunsa da fuskarsa. In an sace kuɗin wani a Legas ko Fatakwal, anka turo su asusunka, ka ba da tsaba ko kaya, ɓarawo ya tafi, masu bin sawu a ƙofarka za su tsaya. Sai a ɗaure asusun, jarinka na halas ya maƙale tare da na haram, ka shiga zirga-zirga tsakanin banki da 'yan sanda. A ƙasarmu kuwa, inda ake karɓar kuɗin fansa, tuhumar tana iya fin ta sata nauyi.

Ga alamomin da mai hankali zai tsaya a kansu. Mutum ya zo da katuna da yawa yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ko sunan da ke jikin kati bai yi kama da shi ba, ya kuma kasa faɗin dangantakarsa da mai sunan. Ko yana karanto lambar sirri daga waya, ko ya kuskure ta sau biyu. Ko ya nemi a raba babban kuɗi ƙanana-ƙanana. Ko ya ce wani da ba ya nan zai turo kuɗi asusunka shi ya karɓa a hannu. Ko ya yi tayin lada mai tsoka domin ka yi sauri. Ɗaya daga cikin waɗanga ba hujja ba ce ta sata, amma ta isa dalilin neman katin shaida da rubuta suna, ko ka ce ka yafe cinikin. Ribar dubu ba ta kai a sayar da barcin dare ba.

Hukuma ma ta yi ta ƙara ɗaure wanga sha'ani. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda anka yi wa gyara a 2024, kuma hukumar EFCC tana bin irin waɗanga ƙararraki. A 2024 anka umurci masu sana'ar POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni. A Disamba na shekarar Babban Banki ya sa iyakar naira 100,000 a yini ga abin da wakili zai ba mutum guda a hannu. A Agusta 2025 ya umurci a ɗaure kowace na'ura ga wurin da anka yi mata rajista, yadda za a san inda take aiki. Manufar duka ɗaya ce: kowace na'ura da sunan da za a kama. Saboda haka kada ka ba da aron na'urarka, kada ka ba da aron asusunka, ko ga ɗan ɗakinku. Abin da anka aikata da su, da sunanka anka aikata.

Fasali na bakwai: rubutu, da abin yi in ta auku

Almajirai sun san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu da munka tashi da allo da tawada bai kamata wani ya riga mu riƙon littafin ciniki ba. Ka sayi littafi guda, ka rubuta da ajami in shi ka iya. Ga kowane babban ciniki ka sa rana da sa'a, da adadi, da irin kaya, da sunan mai saye da lambar wayarsa, da alƙaluma huɗu na ƙarshen kati, da lambar shaida da ke jikin takardar na'ura. Alƙaluma huɗu kawai, ban ce dukkan lambar ba. Ka sani kuma takardar na'ura ba da tawada ake buga ta ba, da zafi ne, zafin bazara kuwa yana shafe ta cikin 'yan makonni. Ka kwafe lambarta tun tana karantuwa, ko ka ɗauki hotonta. Kowace magariba ka gwada littafi da abin da na'ura ta nuna, kai da yaronka, domin gibin yini guda ana gano shi, na wata uku kuwa sai dai zargi.

In kuwa abin ya auku, sa'ar farko ta fi mako na biyu. Ka kira bankinka ko kamfanin na'urarka nan take ta lambar da ke jikin kati ko takardunsu, domin in kuɗi ba su bar asusun ɓarawo ba ana iya tsare su. Ka kai kuka a rubuce, ka karɓi lambar shaidar kukan. In mako biyu sunka wuce ba a warware ba, kana da ikon ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a Gusau. Ka sanar da 'yan sanda, ka kuma sanar da Sarkin Kasuwa da maƙwabtanka. Da yawa suna ɓoyewa domin kada a ce an yi musu wayo, alhali wanda ya cuce ka a Mafara ran Talata, shirunka ne guzurinsa zuwa kasuwa ta gaba.

Saura magana guda, ita ce kunya. Mazambaci bai dogara ga na'ura ba kamar yadda ya dogara ga kunyarmu. Ya san Bahaushe yana jin nauyin ya ce wa mai furfura ko mai rawani, "Dakata in duba." Maganin wannan shi ne doka ta zama ɗaya ga kowa: hakimi da talaka, malami da almajiri, baƙo da ɗan gari, ba mai ɗaukar kaya sai kuɗi sun bayyana a wurin mai kanti. Abin da anka yi wa kowa ba cin fuska ba ne ga kowa. Ina roƙon shugabannin 'yan kasuwa su tsai da wannan a bainar jama'a, malamai kuma su ambace shi in sun iso babin ciniki a karatu. Kuma mu masu saye, in an ce mu dakata, mu dakata da sakin fuska, domin mai gaskiya ba ya hasarar kome da jiran minti biyu.

Dattijon nan na Bakura ya komo ranar Talata ta gaba, ya biya, ya ɗauki takinsa, ya kuma biyo ta zaurena shi da mai kantin sunka yafi juna. Na tambayi almajirin nawa abin da ya koya daga shinkafa buhu huɗu. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yanzu ko kai ka zo, sai na duba." Na ce masa karatu ya zauna.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare dukiyoyinmu daga hannun mazambata, ya tsare hannuwanmu daga dukiyar mutane, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya mayar mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Wassalamu.